Harafi Ɗaya

A Sunderland sama murfin tukunya ce.
Wata uku ban ga Gamzaki ba.
Na taso daga aiki a gidan kula da tsofaffi,
ƙafa a kumbure, riga na warin magani,
na hau bene, na kunna kwamfutar
da na saya fam arba'in a shagon gwanjo.
Mai ita ya rasu, an ce. Ya bar mata tari.

Na wanke mata ciki, na zuba mata Linux,
manhajar da ba ta da maigida.
Aikin gayya ce: wani ya zo da fartanya,
wani da garma, ba su san fuskar juna ba,
suka nome gona suka bar ta ba shinge.
Shiga ka girba. In ka ga ciyawa, cire.

Sai dai wasan kumbon da na ɗora mata
ba a gidan nan aka yanke masa cibiya ba.
Daren farko, allo baƙi ƙirin,
sai gurnanin inji kamar ana niƙa a maƙwabta.
Dare na biyu hoto ya zo,
duniyoyi duk sun sha ruwan hoda,
kumbona na juyi kamar katantanwa
ba wanda ya murza shi.
A na uku ina daf da wata ya watso ni waje,
ya bar mini ƙorafi layi ɗari biyu.

Mai nema yana tare da samu, in ji su.
Ba su ce zai yi barci ba.
Na bi layi layi, shayi ya huce,
har na tamanin da bakwai ya tona asiri:
yana kiran wani fayil, ba a amsa ba.
Fayil na nan zaune. Sunansa da babban baƙi,
shi kuwa da ƙarami yake kira.
Harafi ɗaya ya hana ni sama mako guda!
Na rage masa girma. Na danna.

Fanka ta ja numfashi.

Sai taurari, kamar an kifar da kwaryar gero.

Ihun da na yi ya taso Ridley na ƙasa,
tsoho mai walda, wanda ya ƙera jiragen ruwa
a bakin kogin Wear har aka rufe ma'aikata.
Faɗa ya zo yi, da silifa da rigar barci.
Ya tsaya a ƙofa. Ya jawo kujera.
Ina ƙoƙarin haɗe kumbo da tasha,
ya ce, “A hankali, yaro.
Ba a kai jirgi gaɓa da fushi.”
Na fasa hancinsa sau biyu.
Karo na uku ya ɗora hannu a kafaɗata,
ƙarfe ya sumbaci ƙarfe, ƙyas.
“Ɗinkin nan ba zai riƙe ba,” in ji shi,
yana nuna haƙarƙarin kumbon da ba na gaske ba.

Da ya sauka na tafi neman Kaza da 'ya'yanta,
waɗanda kakata Tasalla ke nuna mini daga tabarma.
Na yi tafiyar da ba ta ƙirguwa, na isa.
Ashe daga kusa ba kaza ba 'ya'ya,
kowace wuta tana can ita kaɗai,
tsakaninsu duhu mai nisan gaske.
Sai daga tsakar gidanmu suke iyali.

Na daɗe a wurin, inji a kashe.

Kafin asuba na rubuta wa masu gayya:
ga inda ƙaya take, layi kaza, harafi kaza,
na cire, kada ta soki na baya.
Ban sa sunana ba.

Ruwa na dukan taga.
Motar shara ta shigo layinmu.
Gobe Ridley zai dawo, ya ce shi zai tuƙa.